Ranar da Aka Tuɓe Ni Daga Sarautar Agogo

Ku matso ku ji ranar da na zama wawan ofis, don har yau ba ta bar raina ba. Lokacin ina masinja a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a nan Zuru. A firamare karatuna ya tsaya, amma muƙamina babba ne: ni ke saita agogon kwamfutoci. Tsofaffi ne, da an ɗauke wuta sai su manta ranar duniya. Kowace safiya nakan bi su ɗaya bayan ɗaya ina daidaita su da agogon hannuna.

Shi kuwa agogon nawa, da gangan na tura shi gaba kaɗan don kada jam'i ya wuce ni. Na ga alheri ne, na raba wa kwamfutoci.

Ranar gwaji, babbar na'urar da ke turo tambayoyi ta ƙi karɓar namu, wai lokacinsu ya saɓa da nata. Mai duba cibiyoyi ya ce in aka maimaita, za a ɗauke mana jarrabawar, yaran garuruwan Dabai da Bena su tafi wani gari. Ladi, injiniyarmu, ta kama hannuna ta dubi agogon, ta dube ni, ba ta tona ni ba.

Ta ce a sake zuba wa kwamfutocin tsarin aiki, da manhajar da za ta riƙa ɗauko lokaci ta intanet. Manhaja biyu ke takara. Manaja yana son wadda ta zo da tsarin, mara nauyi, wuri guda take tambayar lokaci. Ladi ta ce a garin da sabis ke zuwa yana tafiya, gara mai tambayar wurare da yawa ta watsar da wanda ya saɓa. Aka gwada duka, ta Ladi ta ci. Mai dubawa ya dawo, muka haye, yara suka zana jarrabawarsu a gida.

Nan na gane kwamfuta ba ruwanta da kyakkyawar niyya, so take kowa ya tsaya kan lokaci guda. Amma tuɓaɓɓen sarki irina bai tafiya shiru. Na gyara hula na ce, "Ɗiyata, in sabis ya ɗauke fa, wa zai faɗa musu lokaci in ba ni ba?"

Ta ce, "Baba, ita manhajar tana lura da yadda agogo ke zamewa, ta gyara kanta. Kai kuwa ka san naka ba daidai yake ba, ka bi ɗaki kana koya wa na'ura."