Yunusu Bahago da Murfin Tukunya

Yunusu bahago ne. Iyakar laifinsa ke nan a Gedambaliya ta ƙasar Sudan, amma mutane kan faɗe shi ƙasa-ƙasa, sai ka ce akuyar wani ya taɓa sacewa.

Shekara ashirin yana yankan riɗi. A kasuwar Gadarif, in an zo neman 'yan ƙwadago, shi ake fara ɗauka, don laujensa bai san gajiya ba. Sai dai in an jeru a gona, kowa na yanka ta nan, shi yana yanka ta can, gwiwar hannunsa tana gaisawa da haƙarƙarin na kusa. Shi ya sa kullum yake bakin layi, gefensa ba kowa sai iska.

Wannan da sauƙi. Wuyar tana wurin fatur, abincin hantsi. In an sauke kwanon asida, tuwon ƙasar, mutum takwas sun kewaye, hannun dama kaɗai ke da izinin shiga. Yunusu ya gwada, Allah shaida. Amma damansa kamar aro aka ba shi: kafin ya mulmula loma ɗaya ta faɗo a cinya, abokai sun ga gindin kwano. Ranar da yunwa ta sa ya miƙa hagu, dattijon cikinsu, Ɗantsoho, ya janye kwanon.

"Ɗana, da wannan ake tsarki."

Tun ranar ake zuba masa nasa a murfin tukunya, ya zaga bayan tarakta ya ci.

Bara aka kawo Eltayeb, malamin makaranta da yaƙi ya koro daga Khartum, harsashi ya kashe masa hannun dama. Aka ba shi gadin buhuna. Ranar farko ya sa hagu a kwano, ba wanda ya janye kwanon. Har tsokar nama aka tura gabansa.

Yunusu ya ɗauko murfinsa ya matso.

"Baba Ɗantsoho, na ga an buɗe wa hagu ƙofa."

"Shi lalura ce, ya waladi, ɗana. Kai biyu Allah ya ba ka, ka zaɓi wanda ka zaɓa."

"Wallahi ban tuna ranar da aka tambaye ni ba."

Aka yi dariya har da tafawa. Amma ba wanda ya gusa.

Bayan kwana uku sai ga Eltayeb a bayan tarakta, jallabiyarsa duk miya.

"Ya zol, bawan Allah, koya mini. Rabin abincina rigar nan ke ci."

Yunusu, wanda ba a taɓa roƙon ya koyar da komai ba, ya gyara zama ya nuna masa yadda ake kafa babban yatsa. Wata biyu suna cin murfi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya zunguri wani.

Da aka gama kakkaɓe riɗi, Eltayeb ya bi iyalinsa ya tafi.

Bana Yunusu na nan bayan tarakta. Har yanzu daga gefe ɗaya yake fara ci, ya tsaya a tsakiyar murfin. Sai ya ɗan jira, ya dubi hanya, sannan ya juya murfin ya cinye sauran.