Aikin da na ƙara wa Malam Sabi'u

Ni injiniya ne a da. Karatu ya kawo ni birnin Manchester a ƙasar Turawa, na gama, na sami aiki a wani kamfanin gine-gine, na yi aure. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Matasa, ku nake wa wannan bayani, kuma ba tausayinku nake nema ba.

Ina da inshorar da ke biyan mutum wani kaso na albashinsa idan ciwo ya hana shi aiki. Da na zame a matakala bayana ya taɓu, sai na nemi a biya ni. Aka ƙi. Suka ce ba ciwon kaɗai ake dubawa ba, ana duba ko ya hana ka ginshiƙin aikinka, wato abin da in babu shi babu aikin. Ginshiƙin nawa zane ne a kwamfuta, a zaune. Hawa gini jefi-jefi nake yi, kuma wani zai iya yi a madadina.

Gaskiya suka faɗa, amma na fusata. Na ɗaukaka ƙara, na ce kullum ina kan tsani da kaya a kafaɗa, na haɗa shaidar jabu da sunan kamfaninmu. Aka biya ni.

Na koma unguwar Small Heath a birnin Birmingham, labarina ya bazu a tsakanin mutanenmu. Da farko taimako nake yi na gaske. Bahaushe ko yana nishi, in likitan inshora ya tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi, likita kuwa ya rubuta hakan. Ni nake hana su faɗin haka. Daga baya na fara karɓar la'ada, na shiga sauya wa mutane aiki a rubuce. A hannuna akanta ya zama ɗan dako.

Sai aka kawo mini Malam Sabi'u, dattijon da ke duba jini a ɗakin gwaji na wani asibiti. Ciwon suga ya ci masa ido. Na rubuta cewa ɗaukar manyan kwalaye na cikin aikinsa na yau da kullum, kuma ba ya iyawa.

Ya ce, “Injiniya, ni fa idona ne. Me ya kawo zancen kwali?”

Na ce, “Baba, ba ka san mutanen nan ba. Ido kaɗai ba ya motsa su. Sa hannu kawai.”

“To, kai ka san gari,” in ji shi.

Masu inshora suka kira wurin aikinsa, aka ce musu bai taɓa ɗaga kwali ba. Suka soke inshorarsa gaba ɗaya, suka bi sawu har kaina. A kotu lauyansu ya ce da idon kaɗai aka rubuta, da an biya shi, domin gani shi ne ginshiƙin aikin mai duba jini. Aka ɗaure ni. Malam Sabi'u kuwa ya rasa gidansa na unguwar Handsworth, ya koma ɗaki guda a wurin surukinsa a unguwar Perry Barr.

Da na fito, can na fara zuwa. Bai gane ni ba sai da na yi sallama. Ya ce, “Na yafe maka. Amma kada ka daɗe, yarinyar nan in ta gan ka ba za a ji daɗi ba.” ’Yarsa yake nufi.

Har yau akwai masu tare ni bayan Juma'a suna cewa, “Haba Injiniya, kuɗin Turawa ne fa, tsautsayi ne kawai.” Kada wanda ya wanke ni. Ba tsautsayi ba ne, zamba na yi, kuma na tuba. Wanda ya sake kawo mini takardarsa in gyara, a gaban jama'a zan mayar masa da ita.

Kai saurayi, in ciwo ya same ka, faɗi aikinka yadda yake, ka faɗi abin da ciwon ya hana ka, ka tsaya a nan. In wani mai wayo irina ya ce zai ƙara maka abu ɗaya, karɓe takardarka ka tashi. Je ka Perry Barr ka ga wanda bai tashi ba.