Tumatirin Bayan Labule

Matso nan kusa, gyara zama, ka ji labarin Sale akawu.

Sale ɗan Gitata ne, a gona ya buɗe ido. A shekarun da kuɗin fetur suka shigo, samari suka yi ta jefar da fartanya, shi ma ya samu aikin akawu a Keffi, ya kama ɗaki ɗaya a Sabon Gari. A ofis kuwa, in hira ta biyo ta kan noma, sai ya ce shi ko riƙon fartanya bai iya ba.

To, amma hannu ya saba da ƙasa. Wani malamin gona ya ba shi irin gajeren tumatir, wanda ko gwiwa ba ya kaiwa. Sale ya huda gwangwanayen madara shida, ya cika su da ƙasa da kashin awaki, ya jera a bakin tagar baya daga ciki, ya ja labule kada baƙo ya gani. Suka yi kore shar, suka yi fure. Sai furen ya riƙa zubewa, ko ɗa ɗaya babu.

Ana nan, sai ga mahaifiyarsa, wadda yake kira Inno, da ƙullin daddawa a ka, ƙafa duk faso. Ta tarar da shi da Malachi, abokin aikinsa, suna shan lemo.

Malachi ya ce, "Oga Sale, wace ce wannan?"

"Wata ce daga ƙauyenmu."

Inno ta ji sarai. Ta sauke ƙullinta a lungu. Washegari tana shara ta ɗaga labule, ta daɗe tana kallon furen da ya zuba.

"Kai ɗan nan, ka kulle su, ba iska, ba ƙudan zuma. Wa zai motsa su su haihu?"

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗan kaɗa reshen da yatsa. "Kullum da hantsi ka yi musu haka." Kwana uku ta yi, ta koma gida.

Ai kuwa tumatir suka zo, ja wur, har rassan na rinjaya. Wata rana iska ta shigo ta ƙofa ta ɗaga labule Malachi na zaune.

"Lallai! Mutumin da bai iya fartanya ba! Wa ya koya maka?"

Sale ya sunkuyar da kai. "Uwata."

"Wace uwar?"

"Wadda ka gani ranar nan."

Malachi ya ajiye tumatirin da ya tsinka. "Haba, Sale," kawai ya ce, ya sa takalminsa.

Ran Asabar Sale ya cika kwano da tumatirin, ya hau motar Gitata. A ƙofar gida ya tsaya, yana jin sautin dakan Inno. Kai da kake sauraro, in kai ne riƙe da kwanon nan, da wace magana za ka fara?