Layukan da Kwamfuta Ke Tsallakewa

Baba Waƙafi muke ce masa, domin ba ya ganin an manta da waƙafi a takarda ya kau da kai, ko da takardar neman hutu ce. Shekara talatin da ɗaya ya yi a masana'antar fentinmu, a wani ɗan ɗaki bayan sito, mai taga ɗaya da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. A nan yake cin abincin rana shi kaɗai, kwano a kan gwiwa. Aikinsa kula da manhajar da ke gaya wa injina yawan launin da za su zuba a kowace ganga. Da wani tsohon harshen kwamfuta aka rubuta ta, shi da abokinsa Dogo suka rubuta. Dogo kuwa ya rasu tun kafin a ɗauke ni aiki.

Da masu harshen suka ba da sanarwar sun daina kula da shi, ba gyara ba sabuntawa, ni aka ɗora wa sake rubuta manhajar da sabon harshe. Ta Baba kuma a kashe ta. Ni dai Allah bai yi ni da haƙuri ba, kowa ya shaida.

"Me harshen ya yi musu?" in ji Baba a taron da manaja ya kira. "Ya taɓa ba ku ja a maimakon kore?"

"Bai taɓa ba, Baba," na ce. "Amma in gobe ɓarayin intanet suka gano kafa a jikinsa, wa zai toshe ta? Su ma masu harshen mutum biyu suka rage suna riƙe da shi, kuma sun gaji."

"Gajiya kuma dalili ce? Ɗokin sabon abu ne kawai ke damunku, kamar yaro da sabon takalmi."

"To, Baba, mutum nawa ke jin harshen nan a duk ginin nan?"

Ya dubi manaja, ya dubi tebur. Na ci gardamar, har ina jin kaina.

Sai da na buɗe manhajar na gane abin da nake shirin kashewa. Masu irin aikinmu kan bar bayani a tsakanin umarni, su sa wa layin alama a farko don kwamfuta ta tsallake shi, mutum kaɗai ke karantawa. Baba da Dogo kuwa hira suke yi a wurin. "Dogo, shuɗin nan ya yi duhu." A ƙasa: "Idonka ne, je ka sayi tabarau." Daga wata shekara amsoshin suka yanke, amma Baba bai daina ba. "Dogo, autana ya sami aiki a nesa." "Dogo, uwar yaran ta biyo ka jiya." Na ƙarshe bai fi mako biyu ba: "Sun kawo wata yarinya mai kaifin baki. Amma ta iya aiki."

Kunya ta kama ni har na kasa wucewa ta ƙofarsa kwana uku.

Ranar da za a kashe tsohuwar na same shi yana goge allon kwamfutarsa da hankici. Na ce masa na kwashe layukan nan kaf, ko harafi ban bari ba, na sa su cikin sabuwar manhajar, kuma na bar masa fili a ƙasa in yana so ya ci gaba da rubutu.

Ya ajiye hankicin, ya dube ni. Na zata faɗa zai yi don na karanta abin da ba nawa ba.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata," ya ce. "Amma ki cire su. Dogo ba ya jin wannan harshen naku."