Bishiyar da Baba Ya Bari a Silin

Kun taɓa kwanciya a gadon asibiti ana tura ku ɗakin tiyata? Me kuka gani? Ni ban taɓa tunanin haka ba sai da na haɗu da Baba Mai Fenti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Laraba, uku ga wata, bayan azahar, a asibitin da ya tsufa yana tura marasa lafiya. Ban yi nisa a karatu ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Baba, ranar da na fara aiki ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Alhamdu lillahi, an kawo mana tsani mai ƙafa." Tun daga nan kowa Dogo yake ce mini. Ka ce in hau gadon da ake tura marasa lafiya in kwanta. Na ɗauka tsiyar da ake wa baƙo ce. Ka tura ni a doguwar hanyar nan ta zuwa tiyata, ka ce, "Mu ƙasa muke kallo, mara lafiya sama yake kallo, ga tsoro fal cikinsa." Sai na ga bishiya a silin. Reshe ɗaya dogo, ganye kore ta ko'ina, yana bin mutum kamar rakiya. Kai ka zana ta da ragowar fenti, lokacin da kowa ke neman wurin miƙe ƙafa.

Aikin nan akwai gajiya, wallahi ban san haka yake ba. Na ga nas tana gyangyaɗi a tsaye da kofin shayi a hannu. Na tambaye ka, kai ba ka gajiya ne? Ka ce gajiyar ƙafa barci ke maganinta, amma ta ido sai ido ya ga abu mai kyau. Har yau ban gama ganewa ba.

Na tuna ranar da yaro ya rasu a hannun ƙaramar likita. Ta zauna a ƙasa, ta kasa ko kuka. Ba ka yi mata wa'azi ba. Burushi ka miƙa mata ka ce, "Likita, hannuna na rawa, taimaka mini da ganye ɗaya." Ta hau benci ta yi wani karkataccen ganye, ta sauko ta wanke fuska ta koma aiki. A ranar na gane dalilin da ganyayen ba su yi kama da juna ba. Duk wanda aiki ya kayar, sai ka ba shi burushi.

Babbar Nas ce kaɗai ba ta taɓa karɓa ba. Kullum faɗa take, "Baba, asibiti ne nan ko gona?" Kai kuma ka ce, "Ranki ya daɗe, gonar ba ta neman ruwa."

Da ciwo ya kama ka, ni na tura ka ranar Laraba, a gadon da ka koya mini aiki. Ka ce, "Dogo, rage gudu." Kana ta kallon sama har inda reshen ya ƙare, kafin ƙofar tiyata. Ka ce, "Saura kaɗan." Ba ka fito ba.

Jiya masu fenti suka zo, wai an ce a shafe ko'ina da fari. Na tsaya gaban tsaninsu na tare hanya. Ni sabo ne, ana iya kora ta. Sai ga Babbar Nas, ido jawur don aiki. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Ta ce musu, "Bango kawai." Sannan ta juyo. "Dogo, ina burushin tsohon nan? Riƙe mini benci." Baba, da ka ga ganyenta! Duk ya fi karkacewa.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sanya ka a inuwar da ta fi wadda ka zana mana. Inna matarka da yara, da jikarka da ta zo ɗaukar takalmanka, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu ma maraici ya same mu.

Bari in tafi, ana kira na, akwai wadda za a kai tiyata. Zan rage gudu.