Awon Inna Ta Bayan Asabari

Ranar Asabar da ta wuce na fita takaba. Ɗiyata ta ce in faɗi abin da nake so a tuna game da ubanta, ita za ta rubuta, tunda ni ban yi karatu ba. Na yi kuka kafin in fara, kuma na san zan ƙara.

Maigidana likitan zuciya ne. Ɗan malamai ne daga Birnin Tudu ta ƙasar Bakura, ni kuwa ɗiyar mahauta ce a Talata Mafara. Aikinsa yana babban asibiti a birni, amma duk Jumma'a da la'asar sai a ji motarsa a ƙofar gida, ya shigo yana kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Masu ta'aziyya sun faɗi alherinsa iri-iri. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ciwon mahaifiyata.

Inna 'yar Maradun ce, tana da kunyar suruki irin ta mutanen da. Mun kusa shekara ashirin da aure ba su taɓa haɗa ido ba. In ya je gaisuwa, tun daga zaure yake cire takalmi, ya durƙusa a gefen ƙofar ɗakinta, ita tana ciki, asabari a sake. Su yi ta gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ina ruwa, ya mutanen Birnin Tudu. Ko "Likita" ba ta iya faɗa. "Mutanen gidanku" take kiransa in tana magana da ni. In ta hango shi a hanya, sai ta faɗa gidan da ya fi kusa.

Wata damina ƙafafunta suka kumbura. Ba ta iya kwanciya sai a jingine, daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya tana haki. Yayana, wanda ya gaji fawa daga ubanmu, ya ce rashin ƙarfi ne, ya shiga aiko mata da romon ƙashi da kitse kullum, ita kuma ta bi da kunun kanwa. Kumburi ya hau har gwiwa.

Da na kwatanta wa Likita, sai ya tsame hannu daga tuwo.

Ya ce, "Ruwa ne ke taruwa, zuciyarta ta gaji. In aka bari ya cika ƙirji, ba za ta ga kaka ba. Dole in saurari ƙirjinta."

Na kai saƙo. Inna ta ce, "Ke, hankalinki ɗaya? Mijin ɗiyata ya ɗora mini hannu a ƙirji? Gara a fitar da ni a makara."

"To, a kai ki birni wani ya duba ki."

"Ba ni zuwa. Nan aka kawo ni amarya, nan za a ɗauke ni."

Na koma gida raina a ɓace, na ce masa ya ɗage asabarin kawai ya shiga, ai lalura ce. Ya ce in ya shiga da ƙarfi, ko ya ba ta magani ba za ta sha ba. Sai ya ɗauko abin awon nan da likitoci ke ratayawa a wuya, ya ce, "Kawo hannunki." Ya kama hannuna ya ɗora kan abin a ƙirjinsa, wuri huɗu, sannan a baya. Muka yi ta maimaitawa har na riƙe wuraren. Daga ƙarshe ya sa mini bakin abin a kunne. Ranar na fara jin bugun zuciyarsa, mutumin da muka haifi 'ya'ya shida tare. Nan ma sai da na tsaya na yi kuka kafin in ci gaba da bayani.

Washegari da hantsi muka je. Inna ta yi ta gardama, amma da ta ji ni zan taɓa ta, shi kuma ba zai gan ta ba, ta haƙura. Ya zauna a tabarma daga waje, ya juya wa ƙofa baya, ya sa abin a kunne, ya zuro mini kansa ta ƙarƙashin asabari. Robar gajera ce, dole Inna ta matso bakin ƙofa. Tsakaninsu bai wuce kamu ɗaya ba, amma ta bakina suke magana.

"Ki ce wa Inna ta ja numfashi."

"Ki ce masu na ji, ni ba kurma ba ce. Abin ga sanyi gare shi kamar kwaɗo!"

Ta tsakanin karan asabari na ga kafaɗunsa na rawa, yana danne dariya. Ya saurara ya daɗe, ya ce in koma baya, ya ce in danna yatsa a ƙwaurinta in gaya masa ko ramin ya tsaya. Ramin kuwa ya tsaya. Sai ya yi ƙasa da murya: "Ki tambayi Inna sau nawa take kewayawa a yini."

"Innalillahi! Ki ce masu wagga tambaya ba ta ɗan malamai ba ce."

Ta rufe fuska da gyale, ta ɗaga mini yatsa biyu. Sai da muka fita zaure na faɗa masa.

Ya ba da ƙwayoyi, ya hana gishiri da kanwa da romon kitse. Yayana ya ce, "Haba Likita, mu fa mahauta ne. Uwarmu ta ci miya lami, mi 'yan kasuwa za su ce?"

"Su ce tana da rai, Yaya. Aiko mata da tsoka, kitsen ka bar wa masu noma."

Tsorona kada ta zubar da ƙwayoyin a bayan ɗaki. Na tambaye ta. Ta harare ni ta ce, "Babban mutum ya zauna ƙasa ya juya baya don kada in ji kunya, sannan in zubar da maganinsa?"

Duk Asabar haka muka yi, shi a waje, ni a ciki. Kumburi ya sauka daga gwiwa zuwa idon sawu, ta fara kwanciya sosai. Daga baya ita da kanta ta yarda aka kai ta birni, wata likita mace ta ɗauki hoton zuciyarta.

Da sabon gero ya shigo, na je gaishe ta na iske ta tsaye a bakin turmi. Ta miƙo mini ƙwarya cike da fura, ta ce, "Ki kai wa mutanen gidanku. Ki ce masu da hannuna na daka." Da na kai, ya ce in dama duka. Ya sha har ya kasa cin tuwo.

Inna ta yi shekaru bayan nan, har ta goya ɗan jikarta. Allah ya jiƙan ta, ya jiƙan shi, ya sa in iske su cikin rahama.