Ranar da Na Nome Ciyawar Kafilina

Cikin shekarun da na yi ina aikin lambu a Jidda, akwai wata Asabar da har gobe ba ta fita raina ba. Ku da kuka zo bayana kuna ganina kamar ban taɓa kwafsawa ba, to ku saurara.

Wajen 2010 ne, ina aiki a wani gida na bakin teku a Abhur. Mai gidan shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a takarda. Ga wanda bai san tsarin ba, sai da sa hannun kafili ake sabunta iƙama, takardar izinin zama, in kuwa ya ƙi, sai ka tattara komatsanka. Tsakanina da shi akwai mushrif, mai duba aikinmu, Malam Usman, Bahaushen Sudan ne, mutum mai sanyi kamar randa.

Na tafi hutun wata uku a gida. Da na dawo sai na tarar an gina wata doguwar gada ta ƙarfe, ta tashi daga saman bene ta bi ta kan garejin motoci har bakin ruwa. Malam Usman ya ce maigida ne ya je wata ƙasar Turawa ya ga an mai da tsohon layin dogo na sama ya zama lambun shaƙatawa, ya dawo ya ce shi ma sai an yi masa. Da yake babu jirgin ƙasa a Jidda, har dogon sai da aka sayo tsoho daga waje. Malam Usman ya ƙara da cewa daga yau lambun sama a hannuna yake, sannan ya wuce kasuwa da direba. Lokacin saura sati biyar iƙamata ta ƙare, don haka na ƙudurta sai na burge maigida.

Na hau matakala ina ƙare wa wurin kallo. Gaskiya an yi aiki. Ga benci na katako, ga fitilu, ga iskar teku tana kaɗawa, idan ka leƙa ƙasa kana hango rufin motoci. Na bi dogon nan ina taka katakon ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muke yi muna yara a Ƙauran Namoda, har sai da ƙwalla ta cika mini ido. Amma abin da ya ɓata mini rai shi ne ciyawa. Tun daga farkon layin har ƙarshensa ciyawa ce, wata har ƙuguna, da fararen kawuna irin na ƙyasuwa.

Mahaifina lebura ne a layin dogo, shekara da shekaru aikinsa ke nan, cire ciyawa daga tsakanin ƙarafa. A wurinmu in heluma, wato shugaban leburori, ya ga tsiro ɗaya a yankinka, ranar ka shiga uku. Sai na ce a raina wato wata ukun da ba na nan babu mai kishin da zai sunkuya. Na sauko na ɗauko fartanya.

Daga hantsi zuwa la'asar na nome wurin tas. Na share tsakuwa, na goge ƙusoshi da mai, na ɗaure ciyawar dami-dami na ba mai gadin maƙwabtanmu don ragunansa. Har godiya ya yi ta yi mini, ya ce bai taɓa ganin sun ci abu da marmari haka ba.

Malam Usman na dawowa na ja shi sama don ya yaba. Ya tsaya a bakin matakala ya yi salati, sannan ya zauna a benci ya riƙe kai. Da ƙyar ya iya gaya mini cewa ciyawar nan a jirgin sama aka kawo ta, kowane tushe a tukunyarsa, kuma wani Bature ya yi wata guda yana dasa ta don ta yi kama da wadda ta fito da kanta. Na ruga gidan maƙwabta, na tarar raguna na tuƙa.

Kafin magariba maigida ya hau da kansa. Ya taka layin daga farko har ƙarshe, hannu a baya. Da ya tambayi wanda ya yi, na amsa ni ne, na kuma yi masa bayani, Malam Usman na cike mini Larabcin, cewa a garinmu ciyawa a kan dogo alama ce ta jirgi ya mutu kuma ma'aikata sun watsar da layi.

Ya dube ni ya ce, "Ya Ibrahim, ai mataccen layin nake so. Kai kuma ka zo ka raya mini shi."

Na ce, "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Iƙamarka tana kan teburina. Ranar da ciyawa ta dawo, ranar zan sa hannu. Halas, magana ta ƙare."

Tsoro ya kama ni sosai, don ina da 'ya'ya huɗu a makaranta a gida. Washegari na hau mota na nufi Karantina, unguwar talakawa, da buhuna, na shiga bin kangaye da bakin kwata ina haƙo kiri-kiri da aya-aya da 'yan ƙananan tumfafiya, kowanne da ƙasarsa. Matan unguwa suka fito ƙofar gida suna kallona. Wata dattijuwa mai sayar da waina ta tambaye ni ko magani nake haɗawa. Da na ce dasawa zan yi a gidan mai kuɗi, sai ta yi mini addu'ar Allah ya ba ni lafiya.

Sati huɗu na yi ina ban ruwa safe da yamma, ina lallashin abin da na tashi ina kashewa. Na fara jerawa a layi kamar shukar gero, Malam Usman ya ce a'a, in hargitsa. Wallahi hargitsawar ta fi mini wuya. Amma ciyawar kwata ba ta san zafi ba, ba ta san gishirin teku ba, nan da nan ta rufe tsakuwa.

Saura kwana uku iƙamata ta ƙare maigida ya hau da baƙinsa. Ina laɓe bayan tankin ruwa na ga wani babban mutum ya tsaya gaban tumfafiya yana ɗaukarta hoto, yana tambayar daga ina aka kawo ta. Maigida ya ce daga kudu, kuma bai yi ƙarya ba, Karantina ai kudancin Jidda take. Da safe Malam Usman ya ce mini an sa hannu.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ƙwazo ba tare da tambaya ba ya fi lalaci ɓarna, don da malalaci ne ni da babu abin da zai sami lambun. Mu mun taso muna ƙyamar ciyawa ne saboda tana cinye mana abinci, wanda bai taɓa jin yunwa ba kuwa ado yake gani a jikinta. Shi ya sa nake ce muku, duk tsiron da kuka tarar a gidan mai kuɗi, ko ƙarangiya ce, ku ajiye fartanya ku fara tambaya ko tana da fasfo.